Yadda Ake Jera Kaya a Shago Domin Jawo Mai Saye a Damagaram

Duk wanda ya saba bi ta layukan shagunan da ke kewaye da Kasuwar Dole, ko ya ratsa Zongo da Sabon Gari, ya san cewa za a iya samun shaguna biyu jikin juna, kayansu iri ɗaya, mota ɗaya ta sauke musu su daga Kano, farashinsu ma bai bambanta ba, amma ɗaya ya yini yana ba da canji, ɗayan kuwa ya yini yana korar ƙuda. Akan danganta wannan da farin jini, kuma lalle arziki na Allah ne. Sai dai idan mutum ya tsaya daga tsallaken titi ya dubi shagunan biyu da kyau, sau da yawa zai tarar cewa na farkon yana sanar da mai wucewa abin da ke cikinsa tun daga nesa, na biyun kuwa an tara kayansa ne kamar a ɗakin ajiya, ta yadda sai wanda ya riga ya san akwai abu kaza a ciki zai tsaya ya tambaya. Bayanin da ke tafe ya fi shafar mai butik ɗin kayan masarufi, amma mai sayar da atamfa ko takalma ma zai sami abin ɗauka.

Matakin farko ba ya buƙatar ko dala ɗaya. Ka bar yaron shago a ciki, ka tsallaka titi, ka dubi shagonka kamar ba naka ba ne. Ka yi haka sau uku a yini guda, da hantsi, da bayan La'asar, da kuma bayan Magariba, sa'annan ka maimaita ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika da mutanen ƙauyuka da na Mirya da Matamaye da Magarya. Abin da kake nema shi ne ta wane ɓangare mutane suka fi zuwa, a ƙasa suke tafe ko a kan kabu-kabu da adaidaita, kuma wane sashe na ƙofarka idonsu ke fara sauka a kai. Wanda ke bisa babur ba shi da lokacin karanta ƙananan rubutu ko tantance gwangwanaye ashirin mabambanta, abin da yake iya kamawa launi ne da tsayi da tari. Ka ɗauki hoto da wayarka daga inda kake tsaye, domin hoto yakan tona abin da ido ya saba da shi har ya daina gani, kamar tsohon buhun da ya tokare rabin ƙofa, ko babur ɗinka da kake ajiyewa daidai gaban kayan da kake son a gani.

A wannan tsayuwar ce kuma za ka lura da rana, wadda ita ce ke yanke hukunci a kan kowane jeri a garin nan. Shagon da ƙofarsa ke kallon gabas yana shan ranar safe, wadda ke da dama-dama. Wanda ke kallon yamma kuwa yana shan ta tun daga Azahar har faɗuwarta, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan rana tana iya lalata jari cikin ƴan makonni. Man girki yakan canza ɗanɗano, man shafawa ya narke ya tsinke, turare ya rasa ƙarfinsa, biskit mai cakulan ya dame a cikin ledarsa, atamfa kuma ta koɗe daidai kan ninki, ta yadda ko an buɗe ta sai an ga layin. Saboda haka kayan da za su zauna a waje su kasance masu juriya, irin su bokiti da buta da kwanuka da tabarma da tsintsiya da tukwane, su ma ɗin a riƙa juya su, domin roba ma tana koɗewa ta yi ƙamas. Idan hali ya yi, a kafa rumfar kwano ko ta zana mai fitowa kamar mita ɗaya da rabi, bayan an tambayi ma'aikatar magajin gari iyakar da aka yarda a fito da kaya, don kada a ci hanya.

Bayan haka sai ka ware yammaci ɗaya ka rufe shago, ka sauke kayan gaba ɗaya, ka raba su gida uku. Kashi na farko su ne kayan kullum, waɗanda ko ka ɓoye su za a tambaya: sukari, ganyen shayi, magi, taliya, shinkafa, mai, sabulu da omo. Kashi na biyu su ne waɗanda ba safai mutum ke fitowa daga gida dominsu ba, sai ya gan su sha'awa ta taso, kuma galibi ribarsu ta fi tsoka, kamar turare da man shafawa da madarar gari da biskit da lemon kwali. Kashi na uku su ne kayan da suka kwanta, waɗanda suka yi wata biyu ko uku ba a taɓa su ba. Littafin ciniki ne zai faɗa maka gaskiyar wannan rabo, domin ɗan kasuwa yakan so wani kaya saboda wahalar da ya sha wajen sayo shi, alhali kasuwa ba ta san da wannan wahala ba. Wurin da ya fi kyau a shago na kashi na biyu ne. Na farko ba su buƙatar talla, na uku kuwa a ware musu kwando ɗaya a bakin ƙofa, a karya farashinsu, a rabu da su a maido kuɗin cikin jari.

Yanzu sai aikin kanta, wato wurin jera kaya mai hawa-hawa, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin kuskuren da aka yi a hannun kafinta ko mai walda yana bin mai shago shekaru. Kada ka ce wa kafinta ya yi maka kanta kawai ka juya. Ka je masa da awo a rubuce, kuma ka ɗauki awon daga jikin kayanka. Ka auna kwalba mafi tsawo da za ta zauna a kowane hawa, ka ƙara santimita 5 domin hannu ya shiga ya fita ba tare da ya ture na kusa ba. Idan aka yi duk hawa-hawan tsayi ɗaya, za ka ga gwangwanin tumatir yana zaune ƙarƙashin fili mai yawa da ba ya amfanar kowa, kwalbar mai kuma ta ƙi shiga sai an kwantar da ita. Tsayin kantar gaba ɗaya kada ya wuce mita 2. Zurfin hawa na sama da na tsakiya ya tsaya tsakanin santimita 30 zuwa 35, domin abin da ya wuce haka yakan zama maɓoyar kayan da za a manta da su har su lalace. Hawan ƙasa shi ne za a faɗaɗa zuwa santimita 45 ko 50 saboda katon da jarka.

Hawan ƙasan nan kada ya taɓa daɓe. A ɗaga shi kamar santimita 15, domin tsintsiya ta shiga, ɓera ya rasa wurin fakewa, ruwan damina kuma idan ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa ya wuce bai jiƙa buhun sukari ba. Idan katako za a yi amfani da shi, a sa matokari kowane santimita 80, in ba haka ba nauyin gwangwanaye zai lanƙwasa shi a tsakiya tun kafin shekara ta zagayo. A shagon ginin ƙasa, irin waɗanda suka yawaita a Birni, gara ce babbar abokiyar gaba, don haka ƙafafun ƙarfe sun fi, kuma a bar ɗan tazara tsakanin katako da bango yadda za a iya leƙawa a ga ko ta fara gini. Duk da haka dole a ɗaure saman kantar da bango ko da azara, domin doguwar kanta mai kaya idan yaro ya rataya a jikinta tana iya kifowa. Fentin ya zama fari ko wani launi mai haske. Kayan sayarwa sun riga sun zo da launukansu, kuma bango mai duhu yana shanye hasken fitila.

Abu na biyu da za ka sa a ƙera maka shi ne teburin bakin ƙofa mai hawa uku kamar matakala, faɗinsa mita ɗaya, kowane hawa zurfinsa santimita 25, tsayinsa 20. Amfanin matakalar shi ne na baya ba ya ɓoyuwa a bayan na gaba. Ya kasance mara nauyi yadda mutum biyu za su shigar da shi da dare, ko da rana idan hadari ya taso da iskar nan mai jan ƙura da ke riga ruwa isowa. Wanda jarinsa bai kai ga kafinta ba tukuna yana iya jera akwatunan lemo ko katon masu ƙarfi hawa-hawa, ya lulluɓe su da ƙyalle mai tsabta launi ɗaya, kuma daga titi ba mai bambance shi da na katako.

Da kanta ta tsaya sai jeri. Wurin da idon babban mutum ke sauka ba tare da ya ɗaga kai ko ya sunkuya ba yana tsakanin santimita 120 zuwa 160 daga ƙasa, kuma nan ne mazaunin kayan kashi na biyu. Masu nauyi, wato buhu da jarkar mai da katon ɗin taliya, su sauka ƙasa. Masu girma marasa nauyi, kamar kunzugun yara da takardar goge hannu, su hau can sama, tun da girmansu ya isa a hango su. Alewa da cingam da ƙananan biskit a sa su daidai tsayin yaro a gaban kanta, amma cikin kwalabe masu murfi, saboda ƙura da kuma ƙananan hannaye. Kowane iri ya zauna a gunduwa ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sunan kaya yana kallon waje, kuma duk lokacin da aka ɗauki ɗaya a jawo na bayansa gaba, domin kanta mai giɓi tana sa mai saye ya zaci jari ya karye. Idan kayan ba su da yawa, ba laifi a sa kwalin da babu komai a baya a jera su a gabansa layi ɗaya ko biyu.

Yawancin butik ɗinmu mai saye ba ya shiga ciki, a gaban teburin ciniki yake tsayawa ya faɗi abin da yake so. A irin wannan shago bangon da ke bayan mai sayarwa shi ne allon talla, kuma daidai kafaɗunsa hagu da dama ne ido ke yawan sauka yayin da ake jiran canji. To, kada a cika wurin nan da sukari da magi. Idan kuwa shagon mai faɗi ne har ana zagayawa, a bar hanya aƙalla santimita 90, yadda mace mai goyo ko dattijo mai babbar riga zai wuce bai share gwangwani ba, sa'annan a kai kayan kullum can ciki domin mai zuwa ɗaukarsu ya ratsa ta gaban sauran.

Akwai kayan da ke kiran juna, kuma hikima ce a zaunar da su maƙwabta. Wanda ya zo sayen ganyen shayi, idan ya ga sukari da ƙananan kofuna da butar shayi a gefensa, zai tuna cewa kofi ɗaya ya fashe jiya a fada, wato majalisar shan shayi. Taliya tana tafiya da tumatirin gwangwani da magi da mai. Akwai kuma waɗanda ba a haɗa su ko kusa: sabulu, omo, turaren wuta, maganin sauro da fiya-fiya su yi nesa da abinci, musamman ganyen shayi da sukari da fulawa da madarar gari, waɗanda ke jan wari ko da suna cikin leda. Maganin ƙwari kam ya sami hawansa shi kaɗai, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a taɓa ɗora shi a saman abin ci.

Teburin bakin ƙofa shi ne inda aka fi yin kuskure, domin zuciya takan raya wa mai shago ya fito da samfurin duk abin da yake da shi. Sakamakon haka shi ne tarkace, ido ya rasa inda zai tsaya. Abin da ya fi shi ne tebur ya yi magana ɗaya a mako: kaya iri ɗaya da yawa a tsakiya, da iri biyu masu alaƙa da shi a gefe. Gwangwani 15 sun isa a gina dala mai hawa biyar, a fara da 5 a ƙasa, sai 4, sai 3, sai 2, sai 1 a ƙoli, kuma tarin launi ɗaya irin wannan ana hango shi daga nesa fiye da kaya iri talatin a barbaje. A ajiye wasu kaɗan a gefe waɗanda za a riƙa miƙa wa mai saye, don kada a rushe dalar kowane ciniki. Mai atamfa ya warware turmi uku ko biyar ya rataya a sanda, mai haske kusa da mai duhu, ya riƙa sauya su kowane kwana biyu saboda rana, shadda da leshi masu tsada kuwa su zauna cikin akwatin gilashi. Mai takalman fata, irin aikin dukawan garin nan da aka san Damagaram da shi, ya jera su a kan allo mai gangare, ƙafa ɗaya a kwance ɗaya a jingine, domin a ga ɗinki da tafin a lokaci guda.

Maganar rubuta farashi tana da gardama a tsakanin ƴan kasuwa. Wasu suna cewa rubutawa tana kashe ciniki, kuma tana ba maƙwabci damar rage dala biyar ya janye mutane. Ni a ganina ya kamata a raba. Kayan da farashinsu sananne ne, ba a tayawa, a rubuta musu, domin mutane da yawa suna jin nauyin tambaya su kasa saye a gaban jama'a, sai su gwammace su wuce. Atamfa da takalma da agogo kuwa, inda tayi da sallamawa ke cikin daɗin cinikin, ana iya barinsu, ko a rubuta wa guda ɗaya mai araha domin ya zama ƙugiya. A yi rubutun da baƙar maka a kan farin kwali, tsayin lambobin ya kai santimita 5 ko fiye. A rubuta da lissafin sefa kamar yadda yake a jikin kuɗi, wato 100 F ko 500 F ko 1000 F, ko da yake a baki dala ashirin da dala ɗari da jika guda muke cewa, kuma a tabbata yaron shago ya iya juya lissafin biyu ba tare da ya rikice ba. Tun da farashin kayan Kano yana motsi da canjin naira, kada a rubuta da fenti a jikin kanta. Kwalin da ake cirewa, ko ƙaramin baƙin allo da alli, ya fi sauƙin gyara.

Haske kuma kada a rataya ƙwai ɗaya a tsakiyar rufi a ce an gama, domin inuwar mai sayarwa za ta faɗa kan kayan da ke bayansa. A sa dogayen fitilun LED a sama, kamar santimita 40 zuwa 50 a gaban kanta, su haska fuskar kayan, da wata guda a kan teburin ƙofa. Irin waɗannan fitilu ba su cin wuta sosai kuma ba su dumama kaya. Ƙaramin faifan sola da batir ya isa ya riƙe uku ko huɗu daga cikinsu, kuma a daren da aka ɗauke wuta lokacin zafi, shagon da ya rage da haske a layi shi ne wanda ƙafa ke nufa. Mai sayar da yadi ya zaɓi farin haske, ya kuma bar mai saye ta fita da turmi bakin ƙofa ta duba launinsa da rana, don kada ta kai gida ta ga wani abu dabam ta dawo da shi.

Duk wannan aiki ƙura tana iya shafe shi cikin kwana biyu, musamman da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Gwangwanin da ya yi ƙura tsoho ne a idon mai saye ko da jiya aka sauke shi. Kaɗa kaya da bulalar tsumma, kamar yadda aka saba, tayar da ƙurar kawai yake yi ta sauka a wani hawan. A yi amfani da tsumma mai ɗan laima, a fara daga sama a gangaro, kuma kafin shara a yayyafa ruwa a daɓe da gaban shago. Ruwa abu ne mai daraja a Damagaram, amma buta ɗaya ta isa. Yadi da kayan yara a sa su cikin farar leda mai nuna ciki. Lokacin gogewar ne kuma ake duba ranar lalacewar kaya, a tuna cewa a yawancin kayan da ke da rubutun Faransanci rana ce ke fara zuwa, sai wata, sai shekara. Sabon kaya ya koma baya, tsoho ya matso gaba, duk lokacin da aka buɗe katon.

Teburin ƙofa ya riƙa bin kalandar gari, kuma ya riga buƙata fitowa da kamar mako biyu. Kafin azumi sukari da dabino da madara da mai da garin lemo su hau. A goman ƙarshe a sauya zuwa turare da huluna da takalman yara da lalle. Gabanin Layya wuƙaƙe da kayan yaji da manyan robobi da mai su karɓi wurin. A ƙarshen Satumba, tun da makarantun boko a Oktoba suke komawa, littattafan rubutu da bik da alli da jakunkuna su fito, da shigowar sanyi kuma man shafawa da basilin da safa.

Mataki na ƙarshe shi ne awon sakamako. Kafin ka sauya jeri, ka rubuta adadin da ka sayar na kaya biyar da ka zaɓa a cikin mako guda, daga Juma'a zuwa Alhamis. Bayan sauyin ka sake ƙirga mako guda daidai irinsa, kana kiyaye cewa makon da aka yi albashi ba a gwada shi da na tsakiyar wata. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ko wurin kaya, ko rubutun farashi, ko fitila, domin idan ka canza uku tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Kayan da ya yi mako biyu a daidai ido bai motsa ba a sauke shi zuwa kwandon bakin ƙofa, a ba wani wurinsa, sa'annan ka sake tsallaka titi da wayarka ka ɗauki sabon hoto daga inda ka ɗauki na farko, ka ajiye su gefe da gefe.